Amfilifaya Mai Bawul Ta Yi Araha, Amma Ina Aka Rage Kuɗin?

Tun a shekarun 1960 taransisto ya kori bawul daga cikin rediyo da garmaho, kowa ya ɗauka an yi sallama ke nan. Bawul, wato kwalbar gilas ɗin nan mai kama da ƙwan lantarki da ke yin ja idan ta ɗumama, ga shi da cin wuta, ga zafi, ga saurin mutuwa. Sai ga shi yau ya dawo falon masu son kiɗa a Turai da Amurka da Asiya, kuma ba gidajen attajirai kaɗai ba. Amfilifayar da a da sai mai dubban daloli, yanzu ana samun irinta da 'yan ɗaruruwa.

Babban dalili shi ne masana'antun ƙasar Sin. Kamfanoni irin su Reisong da Willsenton da Yaqin da Nobsound suna ƙera kayan, su sayar ta AliExpress ko Amazon, ba dillali ba kanti a tsakani. Ba su kuma kashe kuɗin bincike, domin ilimin tsoho ne. D. T. N. Williamson ya buga tsarin amfilifayarsa a mujallar Wireless World tun 1947, Dynaco kuma ta fitar da ST-70 a 1959, mai wat 35 a kowane ɓangare. Mafi yawan abin da ake ƙerawa yau a kan irin waɗannan tsare-tsaren yake tafiya. Sai kuma dawowar faifan garmaho: a 2022 yawan faifan da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Wanda ya saba zama ya saurari faifai daga farko har ƙarshe, ba wuya ya fara sha'awar na'urar zamanin faifan.

Inda mai saye ke yawan faɗawa rami shi ne, kaya iri biyu ake tallatawa da suna ɗaya. Akwai 'yar ƙaramar akwati mai arha sosai, da ƙananan bawul biyu irin 6J1 a tsaye a samanta. Buɗe ta ka gani: abin da ke tura lasifika ɗan guntun cif ne na zamani, irin TPA3116, bawul ɗin kuwa sauti kawai ke ratsa shi ya wuce. Wasu ma sai an ɗora musu 'yar fitila ruwan lemo a ƙarƙashi don su yi kamar suna ci. Ba laifi ba ne a ƙera irin wannan, kuma tana iya yin sauti mai daɗi. Laifin shi ne a bar mutum ya tafi yana cewa ya gwada bawul, alhali bai taɓa jin sa ba.

Ta gaskiyar ana gane ta da nauyi. Bawul irin EL34 ko KT88 yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt ɗari uku zuwa biyar, ba ya iya tura lasifika kai tsaye sai ta hanyar taransifoma, ɗaya ga kowane ɓangare, ban da ta wuta. Ƙarfe ne da wayar jan ƙarfe, su ne suka fi komai tsada a jikin na'urar, su ne kuma ke ƙara kuɗin jigila. Don haka duk mai son karya farashi, nan yake fara sa wuƙa. Idan ƙarfen taransifoma ya yi kaɗan, sautin ƙasa, irin na babban ganga, sai ya dusashe ko ya cakuɗe da zarar an ƙara murya. Idan naɗin wayar na gaggawa ne, sautin sama ya yi rauni. Abin da ke damuna shi ne yadda sababbin masu saye ke ɗora laifin a kan bawul, su yi ta sayen wasu masu tsada suna canzawa, matsalar kuwa tana can cikin baƙin murfin taransifomar da ba wanda ke dubawa.

Shin daɗin sautin bawul da ake faɗa gaskiya ne? Akwai shi, kuma ana iya auna shi. Amfilifaya mai bawul ɗaya a kowane ɓangare tana ƙara wa sauti wani amo da ya ninka na asali sau biyu, kunne kuma yana jin sa a matsayin kauri da taushi, musamman a muryar mawaƙi da kayan tsirkiya. Idan aka matsa mata, a hankali take gazawa, ba ta tsagewa kamar taransisto. Wannan ƙari ne a kan abin da aka naɗa, kuma wanda ya fi son sa bai yi kuskure ba, muddin ya san abin da ya zaɓa. Sai dai irin wannan ba ta wuce 'yan wat, sau da yawa ƙasa da goma. Dole a haɗa ta da lasifika mai saurin amsawa, wadda ta kai desibel 90 ko fiye, domin duk ragin desibel uku yana bukatar ninka ƙarfi. Mutane da yawa sun sayi amfilifaya mai arha, suka ƙare da sayen lasifika mai tsada.

Kasuwar bawul kuma a kan 'yan ƙafafu kaɗan take tsaye. Masana'antar ƙera bawul ta Shuguang da ke Changsha a Sin ta dakatar da aiki a 2019, aka dogara da ta Saratov a Rasha, da JJ Electronic a Sulobakiya, da wasu ƙanana a Sin. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, Rasha ta hana fitar da wasu kayayyaki, sai bawul ya yi wuyar samu, farashi ya tashi cikin makonni. Manyan bawul kuwa bayan 'yan dubban sa'o'i sai an canza su, ke nan kuɗin ba ya ƙarewa a ranar saye.

Mai son yin oda daga Kano ko Zinder yana da ƙarin abin lura. Da yawa daga cikin na'urorin an naɗa su ne don bolt 220, wutar da ke hawa da sauka kuwa tana rage kwanan bawul, don haka sitabilaiza wajibi ce. Na'urar na fitar da zafi sosai, tana bukatar sarari da iska. Kada a kunna ta ba a jona lasifika ba, taransifomar na iya ƙonewa. Kada kuma a sa hannu a cikinta ko an kashe ta, domin wutar da ta taru a ciki na iya kisa. Kafin a biya kuɗi, a tambayi mai gyaran rediyo na kusa ko ya taɓa aiki da bawul, don mayar da akwati mai kilo ashirin zuwa Sin ba abu ne mai yiwuwa ba.