Dillalan Tsohon Tangaran a Ƙasar Suwidin

A ƙasar Suwidin akwai mutanen da abincinsu yake cikin tsofaffin farantai da kofuna da tuluna. Suna bin kasuwannin gwanjo da gidajen da aka yi rasuwa, su sayi kayan yumɓu da na tangaran da kakanni suka ci abinci a ciki, su wanke su, su gano wanda ya ƙera da lokacin da aka ƙera, sannan su sayar wa masu sha'awar tarawa. Wasu sun riƙe abin sana'a sosai, da shago da rajista, wasu kuwa suna haɗawa da aikin albashi. Bahaushe ba zai yi mamakin jin cewa faranti dukiya ne ba, tunda ya taso yana ganin iyaye mata suna jera kwalla da tangaran a kabad, uwa ta bar wa 'ya. Jarin wannan sana'a shi ne sanin kaya da faɗin gaskiya a kansu, kuma sanin daga ramin yumɓu yake farawa.

Yawancin yumɓun Suwidin ruwan toka ne idan an haƙo shi, sai ya sha wuta yake komawa ja saboda ƙarfen da ke cikinsa. Maginan zamanin da sukan haƙe shi kafin hunturu, su bar shi a fili ƙanƙara ta farfasa shi, sannan su jiƙa, su tace tsakuwa, su cuɗa har iska ta fita, domin 'yar iskar da ta maƙale tana iya tarwatsa kwano a cikin matoya. Magini zai ɗora curin yumɓu a kan faifan da yake juyawa da ƙafa, ya tayar da bangon kwano da jiƙaƙƙun yatsu. In ya sha iska ya ɗan yi tauri, sai a shafe shi da ruwan farin yumɓu. Adon kuwa da ƙahon saniya ake yi. A cika ƙahon da ruwan yumɓu mai launi, a soka karan gashin dinya a tsininsa, magini yana juya faranti a hankali ruwan yana zuba siriri, yana fitar da tsuntsu da fure da zare-zare, wani lokaci har da shekara da harufan sunan mai shi. Layin da ya karkace ya karkace ke nan, babu gyara. Daga nan sai a zuba ruwan ƙyalli, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,000.

Kowane yanki da hannunsa. A lardin Dalarna, ƙauyen Nittsjö da ke kusa da Rättvik yana aikin jan yumɓu tun 1843. Daga wannan lardi ne zanen da suke kira kurbits ya fito, wato ganyaye da furanni masu murɗewa suna hawa kan juna, wanda masu zanen ƙauye suka ɗauko daga labarin itacen duman da ya yi wa Annabi Yunusa inuwa. A kudu kuwa, a garin Höganäs, masu haƙar kwal sun tarar da yumɓu mai jure wuta, aka riƙa yin manyan tuluna ruwan ƙasa. Idan matoya ta yi zafi fiye da digiri 1,200 sai a watsa gishiri a ciki, tururinsa ya bi jikin tulu ya zama ƙyalli. A irin waɗannan tuluna ne matan gida a da suke adana kifi mai gishiri da 'ya'yan itacen daji don hunturu.

Manyan masana'antu sun ɗauki wannan ado na ƙauye suka kai shi teburin kowa. Rörstrand ta fara aiki a Stockholm a 1726, Gustavsberg a 1825, Upsala-Ekeby a 1886. A 1919 wani masani, Gregor Paulsson, ya yi kira da a ƙawata kayan amfanin yau da kullum yadda talaka zai iya saye, kuma masana'antu suka ɗauki masu zane aiki. Marianne Westman ta yi wa Rörstrand jerin Mon Amie mai shuɗɗan furanni a 1952. Stig Lindberg ya yi wa Gustavsberg jerin Berså mai korayen ganyaye a farkon shekarun 1960. Lisa Larson, wadda ta rasu a 2024, ta shahara da 'yan siffofin kyanwa da zaki da yara. Kamfanin Jie da ke Gantofta ya cika ɗakunan girki da gwangwanayen tangaran na gishiri da gari da allunan fure na rataye a bango. Daga baya kayan waje masu araha suka ci kasuwa, Upsala-Ekeby ta rufe tun shekarun 1970, Rörstrand ta daina ƙira a masana'antarta ta garin Lidköping a 2005. Abin da ya rage a gidajen mutane shi ne hajar dillali.

Da sanyin safiya ake kama fara. Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, ƙauyuka suna cika da kasuwar gwanjo da suke kira loppis, a rumbu ko garejin mota ko filin makaranta. Dillali yana isa kafin a buɗe, da tsofaffin jaridu da kwalaye a bayan mota. Yana kuma zagaya shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Myrorna da Erikshjälpen. Babbar sa'arsa ita ce magada su kira shi ya sayi kayan gida gaba ɗaya. A nan sai ya biya kuɗin mai kyau da marar kyau tare, ya kwashe, ya share, ya kai tarkace juji.

Abu na farko da yake yi da faranti shi ne ya kifa shi. A gindi tambari yake: kambi uku na Rörstrand, ƙugiyar jirgin ruwa ta Gustavsberg, harufan UE na Upsala-Ekeby. Fasalin tambari yana canzawa daga zamani zuwa zamani, da shi ake kintatar shekara. In an karce tambarin da gangan, alama ce ta kaya mai daraja ta biyu, wanda ya fito da ɗan aibi tun daga masana'anta. Sannan ya ɗora farantin a kan yatsu uku ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Ya bi gefen da ɗan yatsa yana neman inda ya ɓantare, ya karkata shi ga haske ya ga sawun wuƙa da 'yan tsage-tsagen ƙyalli. Mon Amie da Berså duk an dawo da yin su a wannan zamani, don haka wajibi ne ya bambanta tsohon bugu da sabo.

A gida sai wanki da hannu, da ruwan ɗumi da sabulu marar kaifi, domin injin wanke-wanke yana cinye zane. Sai awo, sai hoto ta kowace fuska har da inda aibi yake, sai a ɗora a Tradera, kasuwar gwanjon intanet da aka kafa a 1999, ko a Etsy don masu saye na waje. Abin da ya fi ƙarfin shago ana kai shi gidajen gwanjo irin su Bukowskis ko Stockholms Auktionsverk, wanda yake aiki tun 1674.

Lissafin sana'ar yana bukatar natsuwa. Kofin da aka saya 'yan kurona kaɗan, kuɗin Suwidin, a ƙauye yana iya kawo ɗaruruwa, aikin hannun fitaccen mai zane kuma ya kai dubbai, amma irin wannan ba kullum ake tsintarsa ba. Daga ribar za a cire man mota, da hayar wurin ajiya, da la'adar kasuwar intanet ko ta gidan gwanjo, da kwali da abin naɗi. Harajin saye da sayarwa a Suwidin kashi 25 ne cikin ɗari, ko da yake mai tsofaffin kaya yana iya biyansa a kan ribar da ya ɗora kawai. Kuɗin aika tulu mai nauyi zuwa Amurka ko Japan, inda ake matuƙar son kayan Lisa Larson, yakan zarce kuɗin tulun kansa.

Wahala kuwa akwai ta. Baya yana ciwo saboda ɗaukar kwalaye daga benaye. Kaya sukan fashe a hanya duk da naɗi biyu, dillali ya mayar da kuɗi ya rungumi asara. Yayi yana juyawa, jari ya kwanta a kan kanta shekara da shekaru. Yanzu kowa yana duba farashi a wayarsa, saboda haka araha ta ragu. Sannan tsohon ruwan ƙyalli sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma abinci mai tsami yana iya jawo ta. Dillalin kirki yakan gaya wa mai saye cewa wannan kwano na ado ne, kada a ci a ciki, ko da faɗin hakan zai rage masa kuɗi.

Masu saye iri-iri ne. Akwai mai neman kofi ɗaya tak da zai cike jerin da mahaifiyarsa ta bari, akwai jikan waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka yana neman abin da zai haɗa shi da ƙasar kakanninsa, akwai matashin da ya gwammace tsohon abu mai ƙarko. Yawancinsu ba su taɓa kayan da hannu kafin su biya, maganar dillali suke saye. Wanda ya ɓoye tsaga ya ci riba sau ɗaya. Wanda ya nuna ta a hoto ya rage farashi, shi ake komawa wurinsa, kuma ranar da mai tarin kaya ya tsufa ya so rabuwa da su, lambarsa ake fara nema.