Shin Ko Kun San? Wa Ke Biyan La'adar Kuɗin Buɗe Asusu?

Shin ko kun san cewa a Amurka, idan mutum ya buɗe asusu ta intanet ya zuba kuɗin farko da kati, bankin ne ke biyan la'ada? A wurin Visa da Mastercard, bankin nan ɗan kasuwa ne kawai da ya karɓi ciniki. Kaso mafi tsoka na la'adar kuma yana tafiya ne ga bankin da ya bayar da katin, wanda sau da yawa abokin hamayya ne.

Katin bashi ya fi cizo, don la'adarsa takan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Wanda ya zuba dala 1,000, dubunsa za a rubuta masa cif, banki ya haɗiye asarar dala 20 zuwa 30 tun bai ci ko sisi a kansa ba.

Katin cirar kuɗi kuwa an sa masa linzami. Bayan gyaran da Sanata Dick Durbin ya shigar a dokar Dodd-Frank ta 2010, Babban Bankin Amurka ya yanke a 2011 cewa bankunan da ke bayar da kati waɗanda kadarorinsu suka kai dala biliyan 10 ba za su karɓi fiye da santi 21 ba, da kashi 0.05 cikin ɗari, da santi 1 na yaƙi da zamba. A kan dala dubun nan, santi 72 ke nan. Tarayyar Turai ta haɗa duka biyun a 2015: kashi 0.2 ga katin cirar kuɗi, 0.3 ga na bashi.

'Yan wayo ba su bar garaɓasar katin bashi ta wuce ba. Sai su buɗe asusu da katin bashi don tara makin tikitin jirgi, su kwashe kuɗin su biya bashin. Ba su karya doka ba, amma banki ne ya biya musu kuɗin jirgi. Shi ya sa bankuna da yawa suka taƙaita adadin da kati zai zuba, wasu ma suka hana gaba ɗaya.

Abin da bankuna suka fi so shi ne ACH, tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna da ƙungiyar Nacha ke kula da ƙa'idojinsa tun 1974. Kuɗinsa 'yan santi ne, sai dai mai asusu na da kwana 60 da zai iya cewa ba da izininsa aka cire ba, a mayar masa. Tsarin tura kuɗi na FedNow da aka ƙaddamar a Yulin 2023 kuwa nan take yake isarwa, a kan santi huɗu da rabi.