Hasken Rana Da Ƙashin Yara

Akwai wani ciwo da ya ke kama yara ƙanana, wanda da yawa daga cikinmu mun taɓa gani a ƙauye ko a birni, ko da ya ke ba mu san sunansa ba. Yaro ya isa tafiya, sai ya yi nawa. In ya tashi kuma, sai a ga ƙafafunsa sun lanƙwashe kamar baka, ko kuwa gwiwoyinsa suna gugar juna, watau gwame. Wuyan hannunsa ya yi kauri, maɗigarsa ta daɗe ba ta rufe ba, haƙora su yi jinkirin tsirowa. Waɗansu su ce gado ne, waɗansu su ce yawan goyo ne, waɗansu kuwa su ɗora wa iska laifi. Likitoci suna kiran ciwon nan rikets. Mu za mu kira shi laushin ƙashi, gama ƙashin yaron ne bai yi ƙwari ba, har nauyin jikinsa ya tanƙwara shi.

Masana sun ce ciwon nan yana da dangantaka da hasken rana. Ga shi kuma a kantuna ana sayar da wani mai da a ke shafa wa fata don ya tare rana, har waɗansu iyaye suna tambaya ko shafa shi zai hana ƙashin ɗansu yin ƙarfi. Tun da ya ke mu ne za a tura makarantu, kuma malami shi a ke fara tambaya inda babu likita kusa, ya kamata mu san amsar tun yanzu.

Bari mu fara daga inda aka gano al'amarin, watau ƙasar Turai. A shekarar 1650 wani likitan Ingila mai suna Francis Glisson ya rubuta littafi a kan ciwon, ya siffanta shi sarai, amma bai san sanadinsa ba. Da masana'antu suka yawaita, mutane suka baro ƙauyuka suka cunkushe cikin birane. Gidaje dogaye, lunguna matsattsu, hayaƙin kwal kuma ya rufe sama. Sai ciwon ya yaɗu cikin 'ya'yan talakawa, har mutanen waɗansu ƙasashe suka riƙa ce masa ciwon Ingilishi. A 1822 wani likita na ƙasar Folan, Sniadecki, ya lura yaran birni sun fi na ƙauye kamuwa, ya ce rana ce maganinsa, ba a kula da maganarsa ba. A 1890 kuma Theobald Palm, wanda ya yi aikin likita a Japan, ya rubuta wa likitocin da ke zaune a ƙasashen gabas takardu yana tambayarsu. Amsar da ya samu ita ce, a ƙasashen da rana ta wadata ciwon ba shi da yawa, ko da cikin 'ya'yan matalauta ne.

Tabbacin abin bai zo ba sai 1919. A wannan shekara Kurt Huldschinsky, wani likita a Balin ta ƙasar Jamus, ya riƙa haska wa yara masu ciwon wata fitila mai fid da haske irin na rana, suka warke. Abin mamaki, da ya haska wa yaro hannu guda kaɗai, sai ƙashin ɗaya hannun ma ya gyaru. Ashe hasken yana sa fata ta yi wani abu, jini ya kwashe shi ya zaga da shi jiki duka. A cikin shekarar nan kuma Edward Mellanby na Ingila ya nuna man hantar kifi yana warkad da 'yan kwikwiyo masu irin wannan ciwo. Watau magani biyu, ɗaya daga sama, ɗaya daga abinci, aikinsu guda. A 1922 Elmer McCollum na Amurka ya ware abin da ke cikin man kifin, aka sa masa suna bitamin D.

To, yaya bitamin D ya ke aiki? Mu ɗauki misalin gini. Ƙashi kamar katanga ya ke, tubalinsa kuwa wani sinadari ne mai suna kalsiyam, irin wanda ke cikin alli da ɓawon ƙwai, muna samunsa cikin abinci. Bitamin D shi ne mai miƙo tubali, gama shi ke sa hanji ya tsotse kalsiyam daga abinci ya zuba cikin jini. In ga tubali tuli babu mai miƙowa, gini ya tsaya. In kuma ga mai miƙowa babu tubali, gini ya tsaya. A riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Cikin hasken rana akwai wani sashi da ido ba ya gani, masana suna kiransa UVB. In ya sauka kan fata sai ya juya wani abu mai kama da kitse da ke cikinta ya zama bitamin D. Daga nan jini ya kai shi hanta, hanta ta gyara shi, ƙoda ta ƙarasa gyaran, sa'an nan ya soma aiki. Amma UVB ba shi da ƙarfin ƙetare kome. Gilashin taga yana tare shi, haka nan tufafi, hayaƙi da gajimare kuma suna rage shi. In rana ta yi ƙasa ƙwarai ma ba ya isowa da yawa. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce mutum ya dubi inuwarsa: muddin ba ta fi shi tsawo ba, hasken yana da ƙarfi. Saboda haka a Landan, wadda ta ke digiri 51 arewa da tsakiyar duniya, daga watan Oktoba zuwa Maris fata ba ta yin bitamin D abin kirki. Kano kuwa digiri 12 ta ke, rana tana hawa sama sosai rani da damina.

Launin fata ma yana da hannu a ciki. Abin da ke sa fatarmu duhu, wanda a ke kira melanin, kamar rumfa ya ke: yana kare mu daga ƙunar rana, amma yana rage UVB da ke shiga. Don haka baƙin mutum yana bukatar ya fi Bature daɗewa cikin rana kafin fatarsa ta yi bitamin D daidai da tasa. A nan gida wannan ba abin damuwa ba ne ga wanda ke fita. Amma 'yan'uwanmu da suka kai iyalinsu Ingila da makamantanta, lalle su kula, gama a can ana samun laushin ƙashi cikin 'ya'yan baƙar fata fiye da na Turawa.

Mai karatu zai ce, to, in haka ne, me ya kawo ciwon ƙasarmu, inda yara ke wuni suna wasa cikin rana? Tambayar nan ta dami likitoci, har waɗansu suka bincika a Jos, aka buga sakamakon a 1999, da sunan Thacher da abokan aikinsa. Sun ɗauki yara 123 masu ciwon suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka ba su bitamin D kaɗai, kashi ɗaya kalsiyam kaɗai, kashi ɗaya kuma duka biyu, har mako 24. Waɗanda suka sami kalsiyam, ko shi kaɗai ko tare da bitamin D, kamar shida cikin goma suka warke. Waɗanda suka sami bitamin D kaɗai kuwa, kamar biyu cikin goma. Da aka auna abincin yaran sai aka tarar kalsiyam da su ke samu a yini wajen miligiram 200 ne kurum, alhali masana da suka yi taro suka fid da shawara a 2016 sun ce abin da ya kasa miligiram 300 yana jawo ciwon. Watau yaran nan suna da mai miƙo tubali, tubalin ne ya yi ƙaranci. Dalili kuwa, da zarar an yaye yaro sai a bar shi da koko da tuwo, ba nono. Hatsi ba shi da kalsiyam da yawa, kuma akwai wani abu cikinsa da ke riƙe ɗan wanda ke akwai ya hana hanji tsotsewa.

Wannan bai nuna kowane yaro a ƙasarmu yana da isasshen bitamin D ba. Jariri mai shan mama yana cikin haɗari, gama nonon uwa, duk da shi ne mafificin abincinsa, bitamin D da ke cikinsa kaɗan ne. Abin da jariri ya zo da shi duniya kuwa daga jikin uwarsa ya samo. In uwa ta yi goyon ciki tana cikin ɗaki kullum, ba ta ko zama a tsakar gida rana ta taɓa hannuwanta da fuskarta, to, ita ba ta da shi, balle ta ba ɗanta. Haka nan yaron da ke wuni a gidan bene, daga ɗaki sai mota, daga mota sai aji.

Yanzu sai batun man tare rana. An yi shi ne domin masu farar fata, waɗanda rana ke ƙona su, kuma yawan ƙunar nan, musamman tun suna yara, yana jawo musu ciwon daji na fata in sun girma. A jikin kwalbarsa akwai haruffa SPF da lamba. Mai lamba 15 yana tare kamar kashi 93 cikin 100 na UVB, mai lamba 30 kuwa kamar kashi 97. To, tun da UVB ɗin nan shi ne mai yin bitamin D, ai a lissafi sai a ce man zai hana. A ɗakin gwaji, inda a ke shafa shi da kauri ko'ina, haƙiƙa yana ragewa ƙwarai. Amma zaman duniya daban ne. Mutane ba su kan shafa yawan da aka auna ba, su kan tsallake waɗansu wurare, gumi da ruwa kuma su wanke wani. A Ostareliya an buga wani gwaji a 1995, inda aka ba waɗansu mutane man gaske, waɗansu man da ba ya tare kome, suka yi ta shafawa duk tsawon lokacin zafi. Da aka auna jininsu ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba. Mai shafa man mai babbar lamba kullum ba fashi, nasa bitamin D yana iya raguwa kaɗan, amma wannan ana cike shi da abinci ko da magani. Fatar da ta lalace kuwa gyaranta da wuya.

Galibin yaranmu an halicce su da rumfarsu, ba su ƙonewa da sauri kamar 'ya'yan Turawa. Amma akwai waɗanda man nan ya zama musu tilas, watau yaran da aka haifa zabiya. Su fatarsu ba ta da melanin sai abin da ba a rasa ba, rana tana yi musu miki tun suna ƙanana, kuma ciwon daji na fata ya kashe da yawa daga cikinsu tun ba su tsufa ba. Kada wani ya hana irin wannan yaro mai don tsoron laushin ƙashi. A nema masa mai lamba 30 ko fiye, a sake shafawa kamar kowace awa biyu in yana waje, a sa masa riga mai dogon hannu da malafa. Man kaɗanya yana da kyau ga fata, amma ba ya tsayawa a madadin wannan. Mu malamai kuma kada mu tsai da shi a fili ko mu kai shi gonar makaranta da tsakar rana. A aji a zaunad da shi kusa da allo, gama idanunsu su kan yi rauni.

Jariri kuwa, muddin bai kai wata shida ba, ba a shanya shi cikin rana, gama fatarsa ba ta yi ƙwari ba, zafi kuma yana galabaitad da shi da sauri. Inuwa da tufafi su ne kariyarsa, ba mai ba. Abin da likitoci suka tsayar shi ne a riƙa ɗiga masa bitamin D a baki, maikurogiram 10 kowace rana, wanda a ke rubutawa 400 IU a jikin kwalba, tun daga haihuwa har ya cika shekara. Kada a ƙara bisa abin da likita ya ce. Rana ba ta ba mutum bitamin D fiye da kima, gama in ya isa fata da kanta ta kan lalata ragowar, amma na kwalba in ya yi yawa yana cutad da ƙoda.

Ga abin da za mu faɗa wa iyaye a taƙaice. Mai ciki da mai jego su riƙa shan hantsi a tsakar gida. Yaron da ya soma tafiya a bar shi ya yi wasa a waje, hannuwa da ƙafafu a buɗe, in rana ta take ya koma inuwa. In an yaye shi kada a yanke masa nono: a ba shi kindirmo ko madara dafaffiya, da ƙananan kifi da aka daka har da ƙayarsu, da miyar kuka da zogale, waɗannan duka suna da kalsiyam. Gwaiduwar ƙwai da kifi mai kitse kuma suna da bitamin D. Ɗan lanƙwasar ƙafa ga yaron da bai kai shekara biyu ba sau da yawa ba ciwo ba ne, ya kan miƙe da kansa. Amma in abin yana ƙaruwa, ko yaron yana kukan ƙafa, ko wuyan hannunsa ya kumbura, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. In an kama ciwon da wuri, ƙashi ya kan yi ƙwari cikin 'yan watanni, ƙafa kuma ta riƙa miƙewa sannu sannu. In aka yi sakaci sai yaro ya girma da ita a karkace, yarinya kuwa ƙashin ƙugunta yana iya tsukewa ya ba ta wahala ran haihuwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ƙashin yaro ma tun yana ɗanye a ke miƙe shi.