3.2 Tanadin Kayan Gyara a Masana'anta

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda ake tsara ajiyar kayan gyara, domin kuwa kula da inji ba ta yiwuwa sai da su. Masana sun kasa kula da inji gida biyu. Akwai gyara bayan lalacewa, wato a bar inji ya yi ta aiki har ya tsaya. Akwai kuma gyaran rigakafi, inda ake sa giris, a canza boris da bel a kan ƙayyadadden lokaci. Wannan na biyu shi ne ke ba ma'ajin sito damar sanin abin da za a nema tun kafin a nema.

Abin lura a nan shi ne, ba tsadar kaya ce ke nuna muhimmancinsa ba. Abubuwa biyu ake dubawa: asarar da za a yi idan babu shi, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya iso bayan an yi oda. Alal misali, a ɗauka masaƙa na cin boris 4 a wata, kuma oda na ɗaukar wata 3 kafin ta iso. Ke nan dole a sake oda tun akwai saura 12, sannan a ƙara 'yan kaɗan saboda tsaro. Idan aka jira ya ƙare, injuna za su zauna wata 3 ana biyan albashi ba a saƙa ko yadi ɗaya ba. Idan kuma aka cika sito fiye da kima, an daskarar da jari ke nan.

Tarihin masaƙun Kaduna ya nuna muhimmancin wannan batu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, kuma daga ƙasashen waje ake sayo injunan saƙa da kayan gyaransu. Da darajar naira ta faɗi sakamakon tsarin SAP na 1986, sai kayan suka yi tsada. Wannan, tare da ƙarancin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa, na daga cikin matsalolin da suka durƙusar da masaƙun ƙasar nan. Ita wannan masaƙa an rufe ta a 2002.

Saboda haka, wajibi ne jadawalin bakanike da littafin sito su tafi tare. Sashe na gaba zai dubi yadda ake tsara shi wannan jadawali.