3.2 Rajista da Lasin Aiki ga Injiniyoyi, Safiyoyi da Masana Ma'adinai a Nijeriya

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda hukuma ke tantance wanda ya cancanci ya yi aikin injiniya ko awon ƙasa ko binciken ma'adinai a Nijeriya, da kuma inda ikon nan ya tsaya. Abin da ake nufi da rajista a nan shi ne shigar da sunan mutum cikin kundin wata majalisa da doka ta kafa, bayan an tabbatar da iliminsa da ƙwarewarsa. Daga nan sai a ba shi lamba da hatimi. Duk zanen gini ko taswirar fili da ya buga wa hatimin nan, to alhakinsa yana wuyansa, kuma idan aka sami ɓarna an san wanda za a tuhuma.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa kowace sana'a tana da sarkinta. Magina suna ƙarƙashin Sarkin Magina, kuma a Zazzau akwai gidan Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Yaro yakan daɗe yana kwaɓa ƙasa kafin a yarda ya ɗaure soro da kansa. Bambancin kawai shi ne, a wancan zamani shaidar maigida ita ce lasin, yanzu kuwa takarda ce.

Safiyoyi su ne suka fara haɗa kai. A shekarar 1934 suka kafa ƙungiyar safiyoyi masu lasin a ƙarƙashin jagorancin Herbert Macaulay, wanda aka fi sani da siyasa, alhali kuwa awon ƙasa ne sana'arsa. Injiniyoyi sun kafa tasu a Landan a 1958. To amma ƙungiya daban, hukuma daban. Ƙungiya tana kare mutuncin 'ya'yanta ne, ba ta da ikon hana wani yin aiki. Majalisun da ke riƙe da wannan iko a yau, gwamnatocin soja ne suka kafa su da dokoki. Doka mai lamba 55 ta 1970 ta kafa majalisar injiniyoyi, wato COREN. Doka mai lamba 44 ta 1989 ta kafa ta safiyoyi, wato SURCON. Sai doka mai lamba 40 ta 1990 wadda ta kafa COMEG domin injiniyoyin haƙar ma'adinai da masana duwatsu da albarkatun ƙasa, kodayake ba a ƙaddamar da ita ba sai a shekarar 2000.

Gyaran da aka yi wa dokar COREN a 1992 yana da muhimmanci, domin ya faɗaɗa rajistar zuwa rukuni huɗu: injiniyoyi, da masu babbar difloma ta fasaha, da masu ƙaramar difloma, da kuma masu sana'ar hannu. Majalisar kan aika wakilai jami'o'i su duba malamai da ɗakunan gwaji da manhaja kafin ta amince da kwas. Saboda haka digiri kaɗai ba ya mai da mutum injiniya a idon doka, sai ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin wanda ya riga shi, sannan a gwada shi. Wani gyaran na 2018, wanda aka sa wa hannu a 2019, ya ƙara mata ƙarfin hukunta masu karya doka.

Abin lura a nan shi ne, majalisun nan sun fi iko a kan wanda ya kawo kansa gare su. Mai rajista ana iya jan kunnensa, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa. Mai gini ko dillalin fili da bai nemi mai rajista ba, shi ne doka ke wahalar cim masa. Misali, a ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rushe, fiye da mutum 40 suka rasu, har da mai ginin. Daga baya ta bayyana cewa kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takardar janye hannunsa tun watan Fabrairun 2020, yana mai cewa ba zai iya lamunce ingancin ginin ba. Masu hatimi sun fita, amma aiki bai tsaya ba.

A ƙasar Hausa matsalar ta fi fitowa fili a sha'anin filaye. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma takardar mallaka da yake bayarwa tana tafiya ne da taswirar da safiyo ya auna, aka kafa turakun siminti masu lamba a kusurwoyin filin. Ko da an tumɓuke turke, ana iya komawa ga lissafin da ke cikin taswira a mayar da shi gurbinsa. Filin awon igiya kuwa, irin wanda ya cika bayan garin Kano, ba shi da wannan kariya. Iyakarsa bishiya ce ko kunya ko shaidar mai unguwa, kuma waɗannan duk suna gushewa. Ba a cika ganin illar ba sai ranar rabon gado, ko ranar da maƙwabci ya tashi zagaye nasa, ko aka zo fitar da titi. Talaka yana gudun kuɗin safiyo ne, kuma uzurinsa karɓaɓɓe ne, sai dai kuɗin shari'a yakan ninka su.

Haka abin yake a fannin ma'adinai. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara kimanin 400 suka rasu. Dutsen da ake haƙowa domin neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gidaje ake niƙa shi, ƙurar ta sauka inda yara ke wasa. Gwajin da masani zai yi wa dutsen zai nuna hakan, amma masu haƙar ba su da hulɗa da wani masani, kuma sunansu ba ya cikin kundin kowace majalisa.