Karatun Harkar Kuɗi a Ingila: Lissafin da Ake Yi Tun Daga Gida

A watan Mayun 2024, wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke garin Middlesbrough suka fito zanga-zanga riƙe da kwalaye. Jami'ar ta dakatar da su saboda sun gaza cika kuɗin makaranta a kan kari, ta kuma kai sunayensu ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, wadda ta umarci wasunsu su bar ƙasar. Ba 'yan damfara ba ne. Sai da kowannensu ya nuna shaidar kuɗi a banki kafin a ba shi biza. Matsalar ita ce kuɗin na Naira ne. Tun da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin Naira a Yunin 2023, fam ɗaya da ake samu ƙasa da Naira 600 a farashin gwamnati ya haura 1,800 a farkon 2024. Abin da aka tara na shekara guda sai ya koma na 'yan watanni.

Duk mai shirin tura ɗa ko ƙane digiri na biyu a fannin harkar kuɗi, ya fara daga nan. Fannin yana cikin masu tsada. A manyan makarantun Landan irin su LSE da Imperial, kuɗin shekara ya wuce fam 40,000, kuma ko a ƙananan jami'o'i ba wasa ba ne. Ban da wannan akwai harajin kiwon lafiya, fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, da kuɗin biza, da kuɗin zama da dole a nuna sun kwana 28 a asusu. In da hali, a canza kuɗin tun da wuri a ajiye su a asusun kuɗin waje, ko a biya makarantar gaba ɗaya. Wanda ya bar rabi a Naira da niyyar biya kashi-kashi, ya miƙa wuyansa ga farashin canji ne.

Sai maganar dillalai, waɗanda aka fi sani da ejan. Da yawansu jami'o'in ne ke ba su la'ada a kan kowane ɗalibin da suka kai, don haka bakinsu da daɗi: "Alhaji, a biya kafin alƙalami kawai, in yaro ya je zai yi aiki ya cika sauran." Bari mu yi lissafin. Doka ta yarje wa ɗalibi aikin awa 20 a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Wato kusan fam 1,000 a wata, in ma an samu aikin. Hayar ɗaki da abinci da kuɗin mota sun cinye shi. Ƙetare awoyin nan kuwa na iya jawo soke biza, haka ma yin sana'ar kai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kuma sani, tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na ɗaukar darasi ba ya tafiya da mata da 'ya'ya a kan bizarsa.

Karatun kansa ma yana ba mutane mamaki. Wasu na ɗauka akanta ne aka sake wa suna. A'a. Lissafi ne da ƙididdiga: ƙimanta kamfani, farashin hannun jari, auna hatsarin bashi, da doguwar zama gaban Excel, wani lokaci har da Python. Shekara ɗaya ce tal, ba ta jiran wanda ya manta lissafin aji ɗaya na jami'a. Kuma gaskiya ɗaya ce, ƙashin bayan darussan kuɗin ruwa ne. Musulmin da hakan ke damunsa ya tambayi malamai tun kafin ya biya, ba sai ya isa ba. Akwai wata hanyar: jami'ar INCEIF da ke Kuala Lumpur, wadda babban bankin Malesiya ya kafa a 2005, ta ƙware ne a koyar da harkar kuɗi ta Musulunci, kuma a gida akwai inda za a yi aiki da ilimin, tun daga bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 har zuwa sukuk, wato takardun lamuni na Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017.

Mai burin aiki a Ingila ya lura, manyan bankuna kan buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata ne wajen Satumba, daidai lokacin da baƙo ke neman ɗaki da rigar sanyi. Bizar zama bayan kammalawa shekara 2 ce, kuma gwamnati ta sanar da rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027.

Wanda ya riga ya tafi kuma kuɗi suka tsaya, kada kunya ta sa shi yin shiru. Ya rubuta wa ofishin kuɗi na jami'a kafin ranar biya ta wuce, ya nemi a sake tsara masa biyan a rubuce, ya kuma je wurin masu ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, kyauta ne. Da zarar jami'a ta janye tallafin biza, kwanaki 60 galibi ake ba mutum ya samu wata makarantar ko ya tattara.