Sauya Babbar Manhajar Laftop: Inda Gizo Ke Saƙa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10, bayan ta shekara goma tana aiki. Laftop ɗin da ke ɗauke da ita tana kunnuwa lafiya lau. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaron da ake aiko mata, sai fa ga wanda ya shiga ƙarin wa'adin da kamfanin ya bayar. Shi ya sa jama'a da dama suka wayi gari a kan manhajar da ba su saba da ita ba, wasu Windows 11, wasu Linux.

Yawancin ƙorafin makon farko daga hannu yake fitowa. Shekara da shekaru mutum na kai linzami kusurwar hagu ta ƙasa don ya buɗe Start, yau ya je ya tarar maɓallin ya yi ƙaura zuwa tsakiya. Ya danna dama a kan fayil yana neman kwafi, sai ya ga an ƙara wasu 'yan hotuna a jere, sauran umarnin kuma an tura su ciki, sai an sake dannawa. Kamar magidancin da ya dawo daga tafiya ya tarar uwargida ta sauya wa kujeru wuri: komai na nan, amma in an ɗauke wuta sai ƙauri ya gaya masa. Wannan mai sauƙi ne. A cikin saiti ana iya mayar da Start gefen hagu, kuma Ctrl da C, Ctrl da V, Alt da Tab duk suna nan yadda aka san su, har a Linux.

Babbar matsalar tana jikin na'urar. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a kwamfutocin Intel galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama. Da yawa daga tokumbon da ke hannun ɗalibai da ma'aikata sun girmi wannan. Kai irin wannan laftop wurin mai gyara, zai ce, "Oga, bar ta kawai, akwai hanya." Gaskiyarsa, akwai. Sai dai Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko faci ga kwamfutar da aka ɗora wa Windows 11 ta bayan fage ba, kuma mai gyaran ba lallai ya faɗa maka hakan ba.

A ganina, irin wannan tsohuwar ta fi dacewa da Linux Mint, wadda kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma fuskarta ta yi kama da tsohuwar Windows. Ana iya zuba ta a filasha a tayar da laftop da ita ba tare da an goge komai ba. To, a nan za ka yi gwajinka: waifai na kamawa? Sauti na fita? Firintar ofis ta amsa? Buɗe takardar Word a manhajar ofis ta LibreOffice ka duba, domin wani lokaci jadawali kan goce, shafi goma ya koma sha ɗaya. Wanda abincinsa ke CorelDRAW ko Photoshop, irin masu buga katin biki da fosta, kada ma ya soma. Waɗannan ba a yi su don Linux ba.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin aiki. Sabuwar manhaja kan zo da madannan Turanci zalla, ɓ da ɗ da ƙ ba sa fitowa sai ka ƙara na Hausa a sashen harsuna. A Windows, maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara ne ke sauya su. Haka kuma in da datar waya kake hawa intanet, shaida wa kwamfutar cewa layin na awo ne, in ba haka ba za ta yi ta sauke faci har ta lamushe datar wata a dare ɗaya.

Kafin a taɓa komai, kwashe hotuna da takardu zuwa wani faifan daban, ka kuma rubuta kalmomin sirrinka a takarda. Wanda ya haura daga Windows 10 zuwa 11 yana da kwana 10 na komawa baya idan abin bai karɓe shi ba, muddin bai goge jakar Windows.old da sunan neman fili ba.